Akwatin Ƙarfe a Kan Katanga

Marin farko ya sauka ne kafin Injiniya, matar da ke haɗa musu wutar sola da intanet, ta gama ɗaure wayar ƙarshe. Auta ya ji kunnensa ya toshe ɗif, sannan ya ji ɗanɗanon jini a bakinsa. Wanda ya mare shi yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba a kan komai ba sai a kan makullin wani akwatin ƙarfe.

Shagon na ubansu ne, Allah ya ji ƙansa, shagon buga takardu da ɗaukar hoto. Yaya ke riƙe da ɓangaren dama, inda manyan firintoci ke fitar da katin biki da kalanda. Auta na hagu da kyamararsa da kwamfutocin masu cike-cike a intanet. Tsakaninsu akwai wata 'yar katangar bulo iya kafaɗa, wadda tsohon ya ɗora da hannunsa don masu ɗaukar hoto su sami inda za su gyara ɗauri ba a kallonsu. Tun da ya rasu Yaya ke cewa a kai katangar nan har rufi, kowa ya kama gabansa. Auta kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar wannan rabuwa. Shi ya ɗauko Injiniya, a tunaninsa in waya ɗaya ta ɗaure shagon, ba mai iya raba shi.

Tsarinta ba shi da makusa. Sola a kan rufi, manyan batura, inbata, layin intanet guda, kyamarorin tsaro, da na'urar ajiya ɗaya inda aikin kowa zai zauna. Duk wannan zai haɗu a akwati ɗaya mai kulle, ta ce a kafa shi jikin ginshiƙin bangon baya. To amma ginshiƙin a ɓangaren Auta yake. Yaya ya ce sai dai in bayan ransa, don wanda ke da akwati shi ke da wuta, shi ke da intanet, shi ke kallon kowa.

Aka kai maganar gaban Inna, mahaifiyarsu. Gidansu kuwa gida ne da ko ƙwai ɗaya aka dafa da zare ake raba shi, kuma Inna ba ta san wani adalci ba bayan wannan. Ta ce a kafa akwatin a tsakiya daidai, a kan katangar ubansu. Injiniya ta faɗa ta maimaita cewa katangar ba ta da rodi a cikinta, kuma kowane batir ya fi buhun siminti nauyi. Auta ya san gaskiya ta faɗa. Shi ɗin ne dai ya bi ta da lallashi har ta yarda ta ɗora na wucin gadi, ta tokare shi da katako, kafin a zuba ginshiƙi.

Akwatin da makulli biyu ya zo. Yaya ya zare su duka ya jefa aljihu.

"Yaya, ai ɗaya nawa ne," in ji Auta. Abin da ya jawo masa mari ke nan.

Ya dafe kunci, ya kalli masu jiran hoto da suka miƙe tsaye. Kunya ta fi marin yi masa zafi.

"Yaya, a gaban mutane?"

"A gaban ubanka ma da yana nan! Kai ka kawo ta, kai ka san lambobin sirrin, yanzu kuma makulli kake nema? Ka mai da ni ɗan haya a shagon ubana?"

"Wallahi ba haka ba ne, ka tambaye ta."

Yaya bai tambayi kowa ba. Ya fizgi ragowar wayar intanet da ke nannaɗe a ƙasa, ya ninka ta, ya zabga masa a wuya. Ya ƙara a baya, ya ƙara a hannun da Auta ya ɗaga yana karewa. Fata ta tashi, rigar ta yage daga kafaɗa. Injiniya ta shiga tsakani tana ba da haƙuri, ya ture ta ta faɗa kan kujerar masu hoto. Masu jira suka watse waje suna salati.

Auta mutum ne mai haƙuri, har ana yi masa gori a kai. Tun suna yara yake shan dukan nan yana haɗiyewa, saboda an ce masa babban wa uba ne. Amma tura ta kai bango. Hannunsa ya faɗa kan ƙarfen da ke riƙe fitilar hoto, ya ɗaga shi ya kwaɗa wa Yaya a goshi. Jini ya ɓalle ya rufe girar. Yaya ya tsaya yana kallonsa da mamaki, kamar rago ne ya cije shi.

Sai suka sarƙe. Yaya ya fi shi ƙarfi, ya shaƙe shi ya danna kansa kan gilashin firinta har gilashin ya tarwatse. Auta ya kai masa gwiwa a mara, ya cije shi a dantse. Suka birkice tebur, kwamfuta ta daki ƙasa, tawada ta malale suna zamewa a cikinta. Ba abin da ake ji sai huci da ƙarar abin da ke fashewa.

"Ku bar jikin katangar!" Injiniya ta ƙwalla daga ƙasa. "Don Allah ku matsa!"

Auta ya ji ta sarai. Ya fi kowa sanin katangar nan, shi ya riƙe katakon lokacin da ake tokarawa. Duk da haka ya sunkuya, ya sa kafaɗa a cikin Yaya, ya tura shi da dukkan ƙarfinsa har bayansa ya daki bulon. A wannan lokacin so yake ya ji masa ciwo, ba wani abu ba.

Katakon ya goce. Katangar ta yi ƙara ta tsage, akwatin ya rinjayo da nauyinsa duka. Auta ya yi tsalle baya. Yaya bai samu ba. Akwatin ya danne masa ƙafa, wuta ta yi tartsatsi, batir ɗaya ya fashe, ruwansa ya watsu a fuskarsa. Ihun da ya yi ba irin na mutum ba ne.

Injiniya ta rarrafa ta kashe wutar, ta ɗauko jarkar ruwan sha tana kwarara masa a ido, tana cewa ya buɗe, ya buɗe. Auta ya kama akwatin yana ɗagawa, gefen ƙarfen na yanka masa tafin hannu, yana kuka yana kiran Yaya. Sai da maƙwabta suka shigo aka ciro shi.

A asibiti aka ɗaure ƙafar. Idon hagu kuwa likita ya ce ya tafi. Inna ta zauna a bakin gado ba ta kalli kowa cikinsu ba, sai jan carbi take. Da ta fita alwala Auta ya matso ya durƙusa, hannayensa naɗe da bandeji.

"Yaya, ka yafe mini. Ka riƙe makullan duka, ka riƙe komai. Mu dai zauna tare."

Yaya ya juyo da idon da ya rage masa. Babu fushi a muryarsa, kuma da ya yi zagi da ya fi sauƙi.

"Malam," ya ce wa Auta kamar baƙo, "in ka fita ka kira magini, a kai katangar har rufi."