Ƙarshen da Tela Ta Ɗinka

"Ina za ka kai ta?"

Tela ce ta tare matakala, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Babban ɗan Direba yana saukowa rungume da talabijin, igiyarta na jan ƙasa.

"Likita ya ce Baba ya huta," in ji shi. "Mutum yana kwance rai a hannun Allah, a ɗakinsa kuma sai harbe-harbe da shewa? Ba ni hanya, baiwar Allah."

Baiwar Allah! Ita da ke wanke wa tsohon zannuwan gado, take jera masa magani a faranti. Shi kuwa Yallaɓai sai ya bushi iska yake leƙowa, da turarensa da makullin mota, ko kujera ba ya ɗumamawa.

"Ba mu ƙarasa fim ɗin ba," ta ce.

Ya dube ta kamar ta yi saɓo, ya raɓa ta ya wuce.

Direba, wanda ya tsufa yana jan motar haya, ɗakinsa na kallon nata. Tun da ƙafafunsa suka ƙi, fim iri ɗaya yake kallo: mafaraucin masu laifi da ake biya lada, ya cafke ɗan damfara, ya haɗa hannunsu da ankwa, su ratsa duniya ana bin su da bindiga suna zagin juna. Kullum da yamma Tela kan kawo ɗinkin kalmasa ta zauna a gefensa. Shi yana bayan mafarauci, ita tana bayan ɗan damfara. Har 'Yar Damfara yake kiranta, wai duk telan da ya ce "gobe" ɗan ƙungiyarsu ne.

Na jiya sabo ne, kuma mace ce aka kamo. Sun bar su a kan rufin jirgin ƙasa, makullin ankwa ya faɗa kogi, sai tari ya sarƙe tsohon, dole aka kashe.

Ta same shi ya juya fuska ga tebur. Inda talabijin take zama ya fito fes, murabba'i mai tsabta a tsakiyar ƙura.

"Sun kama ta," ya ce a hankali.

"Baba, ka bari kawai. Da ɗana ne, da ya sha mari."

"Da ɗanki ne, da bai iya ɗaukar ta ba." Ya sake duban tebur. "Ko ya suka ƙare a kan jirgin nan, oho."

Tela ta dubi hannunsa a kan bargo, ya zama kamar kara. Ba ta da talabijin, faifan ma ya tafi tare da na'urarsa. Likitan kuma da ya zo da safe ya daɗe yana wanke hannu kafin ya ce a bar shi ya huta kawai. 

"Ai na ga ƙarshen," ta ce. "A gidan wata mai kawo ɗinki."

"Ƙarya."

"To in tafi?"

"Zauna."

Ta cire tef ɗin daga wuyanta, ta ɗaura gefe ɗaya a tsintsiyar hannunsa, ɗayan a nata, ta ja ƙullin da haƙori.

"Ga ankwa. Muna kan rufin jirgi. Ga gada tafe, ga 'yan daba a baya. Na ce maka, 'Yallaɓai, ni fa 'yar sarki ce, ka sake ni in ba ka gari guda.'"

"Ni kuma na ce me?"

"Ka ce, 'Jiya kin ce ke likita ce.'"

Kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Ta miƙe tsaye, ta yi muryar shugaban 'yan daba ta hanci, ta yi kukan jirgi da baki. Ta jefa su cikin motar kaji. Ta sa 'yar damfarar ta sayar wa 'yan daban motarsu ta kansu. Direba ya ce ba a haka ake juya babbar mota a kwana ba, ya ɗaga hannun da ke ɗaure ya gwada mata, nata hannun na bin nasa.

Ƙofa ta buɗe. Babban ɗan ne, ya dawo ɗaukar rimot.

"Wannan wane irin shirme ne? Mutum da girmansa..."

"Fita," in ji Direba. "Ana fim."

Bai ɗaga murya ba, don babu ita. Ɗan ya tsaya yana jujjuya makulli, sannan ya ja ƙofar.

Tela ta kawo su har ƙofar ofishin 'yan sanda, a nan ta maƙale. Ba ta san yadda za ta rufe ba.

"Kin ga? Ba ki gani ba," ya ce yana haki. "A nan mafarauci ke kwance ankwa. Kullum haka ne. Ya yafe ladan."

Ya sa yatsunsa a ƙullin. Ya daɗe yana fama, ita kuma ta kau da kai, ba ta taya shi ba. Da tef ɗin ya zame, ya tura mata shi.

"Gudu, 'Yar Damfara, kafin in sake shawara."

Washegari da hantsi Direba ya cika.

Maƙwabta suka cika baranda. Tela na tsaye da bokitin ruwa ta ji babban ɗan yana gaya wa baƙi, "Alhamdulillahi, cikin natsuwa ya tafi. Na tabbatar babu hayaniyar da ta dame shi." Ta dire bokitin da ƙarfi har ruwa ya fallatsa masa a takalmi. Ba ta ba shi haƙuri ba. Ta shige ɗakinta ta turo ƙofa.

Da yamma wata mata ta kawo yadi. Tela ta laluba wuyanta, ba tef. Yana kan keken ɗinki inda ta yar da shi: gefe ɗaya a kwance, ɗaya gefen har yanzu da zoben da ta zare hannunta daga ciki. Ta ɗauko shi, ta kai farce kan ƙullin, ta tsaya.

"Ki dawo gobe," ta ce wa matar.

Ta rataye shi a ƙusar da ke jikin taga, zoben na lilo kaɗan-kaɗan.