Auta Ta Sauke wa Shafi Kaya

Ranar da likita ya gama yi wa Auta bayani, daga asibiti ofis ta wuce. Babu wani aikin gaggawa da ke jiranta, kawai ba ta san inda za ta kai kanta ba ne. Ciwon dajin da aka yi mata aiki a kansa bara ya dawo, ya kuma kai hanta. Likitan bai yi maganar warkewa ba. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu don kada ta sha wahala, ita kuma ta gane.

Ofishin nasu yana saman bene, a kan wani shagon sayar da fenti. Ƙaramin kamfani ne na gina shafukan intanet, Auta kuma ita ce mai tsara fuskar shafi. Wasu ne ke haɗa abin da ke can ciki, ita nata shi ne abin da ido ke gani: launi, girman haruffa, tazarar layuka, inda maɓalli zai zauna, da yadda shafi zai matse kansa ya shiga allon waya ba tare da ya karkace ba. Tana da hannu a aikin, har abokan aikinta kan ce in Auta ta taɓa shafi sai ka ji kamar ka sa shi a firam ka rataye.

Ta zauna a kujerarta ta kusa da taga, ta buɗe wani shafi da ba na kamfani ba. Na ƙungiyar iyayen yara masu sikila ne. Yayarta, malamar firamare, ita ce sakatariyar ƙungiyar tun lokacin da 'yarta take ƙarama tana kwana asibiti, ga shi yanzu yarinyar tana jami'a a wani gari. Auta ta yi musu shafin kyauta, ta kuma zuba masa duk gwanintarta: bidiyo a sama, hotuna masu zamewa da kansu, haruffa na musamman da ake ɗebowa daga wata kwamfuta a wata uwa duniya, da tarin kod na aro, wato rubutun umarnin kwamfuta, wanda masu shi ke canzawa duk lokacin da suka ga dama. Duk bayan 'yan watanni sai wani abu ya lalace, ta gyara a ƙarshen mako, babu wanda ya ma san an yi.

Ta daɗe tana kallon hotunan suna wucewa. Sannan ta tashi ta ƙwanƙwasa ƙofar ogansu.

Ogan dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Shafin ƙungiyar kuma kada ki sa shi a ranki," ya ce. "Mu za mu riƙe shi."

"Na gode, Oga. Amma shafukan da muka yi a shekarun farko, nawa ne har yanzu suke buɗewa daidai?"

Ya kawar da kai.

"Ba laifin kowa ba ne," ta ce. "Ma'aikata suna tafiya, sababbi suna zuwa. Ina so in mayar da shi yadda ko an manta da shi zai ci gaba da tsayuwa."

Ya ce ta tafi da kwamfutar ofis, kada ta dawo da ita.

A makon ta koma gidan Yaya, don auren Auta ya mutu tun da daɗewa, ita kaɗai take zaune. Aka gyara mata ɗakin yarinyar. Da safe ta fi samun ƙarfi, sai ta jingina da matashi, ta ɗora kwamfutar a kan tiren abinci saboda zafinta na damun cikinta.

Mijin Yaya mai gyaran firji ne, kuma tun Auta tana 'yar makaranta suke tsokanar juna. Ta ce ya ara mata tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi.

"Ke da kike da wayar da ta fi firjina tsada?" ya ce. "Ko sadakin ne kika fara karɓa da kaɗan-kaɗan?"

"Wa zai aure ka da wannan furfurar? Wayar nake so don ta fi kowace waya lalacewa a gidan nan. In shafin ya buɗe a kanta, zai buɗe ko'ina."

Ya kawo mata, har da caja mai ɗaure da salatif. A kan wayar, tsohon shafin sai da ya yi ta juyawa har Auta ta sha magani ta kurkure baki kafin rabinsa ya fito.

Ta fara sauke wa shafin kaya. Ta cire kod na aro ɗaya bayan ɗaya. Motsin da a da sai da dogon shiri yake yiwuwa, ta duba ta ga ko ba a buƙatarsa, ko kuma layi kaɗan na CSS, wato dokokin ado na shafi, sun isa. Haruffan musamman ta sallame su, ta ce wa shafin ya yi amfani da waɗanda ke cikin wayar mai karatu. A nan ne ta lura cewa a tsohon salon ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar ƙananan akwatuna a wasu wayoyi, kuma shekara da shekaru babu uwar da ta yi ƙorafi. Rubutun mai ruwan toka da take so sosai ta mayar baƙi sosai a kan fari, ta ƙara masa girma. Ta sa aka fitar mata da kujera tsakar gida da rana tsaka, ta duba ko ana iya karantawa cikin hasken.

Rigima ta tashi ranar da Yaya ta dawo daga makaranta ta tarar babu bidiyon.

"Ina yaran?" ta ce, ko mayafi ba ta cire ba.

"Na sauke su, Yaya. Su ne suka fi komai nauyi."

"Nauyi. Kin san cikin yaran nan akwai waɗanda ba sa duniya? Akwai uwar da take buɗe shafin nan don kawai ta ga ɗanta yana tafi."

Auta ba ta san wannan ba.

"Ni kuma wata uwar nake tunani," ta ce a hankali. "Wadda ɗanta ke birgima da ciwon ƙashi, sabis ɗinta layi ɗaya, cajinta ya yi ja. Abin da take nema shi ne me za ta yi yanzu, wa za ta kira. Bidiyon nan yana shanye mata data da caji kafin ta ga lamba ɗaya. Kuma duk buɗewa sai wasu injina a can nesa sun ƙona wuta sun turo shi, ko mutum yana so ko ba ya so."

"Ni ban san injina ba. Yaran na sani."

Suka wuni ba su ƙara maganar ba. Washegari Auta ta kira ta ta nuna mata. A saman shafin akwai abin da za a yi in ciwo ya tashi, da lambobin waya manya-manya da yatsa ba zai kuskure ba, da ranakun ganin likita. A ƙasa kuma layi guda: Yaranmu. Wanda ya taɓa shi ne kawai bidiyon zai zo masa. Yaya ta taɓa, ta kalla har ƙarshe a tsaye, ta ce, "To, ya yi."

Abin da ya rage shi ne mai riƙewa. Auta ta mayar da shafin 'yan fayiloli kaɗan, yadda canza rana ko lamba bai wuce a buɗe a goge a rubuta ba. Amma duk lokacin da ta ce Yaya ta zo ta koya, sai wani aiki ya taso. Yau makin jarrabawa, gobe wanki, jibi ciwon kai.

Wata safiyar Asabar Auta ta ce, "Yaya, ba ki da wanki yau. Na ga igiyar shanya a cike."

Yaya tana ninke zanin gado, ba ta juyo ba. "In kin samu sauƙi kya ci gaba da abinki."

"Ba zan samu ba. Kin ji abin da likita ya ce, kina wurin a zuwa na biyu."

"Likita ba Allah ba ne."

"Haka ne. Amma hannuna ya fara rawa, Yaya. Jiya layi ɗaya sai da na yi ta maimaita shi. In kika bari sai wani watan, ban san ko zan iya nuna miki ba."

Yaya ta ajiye zanin. Ta zauna a bakin gadon ta juya mata baya, kafaɗunta suna motsi. Auta ta ɗora tafin hannu a bayanta kawai. Da Yaya ta natsu, ta share fuska da gefen ɗankwali, ta jawo tiren gabanta.

"Ina ake taɓawa?"

Koyon bai zo da sauƙi ba. Yaya da yatsu biyu take bugawa, tana neman kowane harafi kamar ya ɓuya mata. Ta goge wata alama ba da sani ba, rubutun shafin gaba ɗaya ya koma jibga-jibga, ta ɗaga hannu sama kamar ta fasa kwanon mutane. Auta ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita.

"Duk abin da kika buɗe, ki rufe shi. Shi ke nan dokar."

"Ni da na koya miki rubuta sunanki."

"Da rankwashi kuma. Ki gode Allah ba ni da ƙarfin ramawa."

Mijin Yaya ya leƙo ya ce in ɗalibar ta gagara a turo masa ita shago, yana neman mai riƙe masa sukudireba. Suka kore shi tare.

Sun yi haka 'yan makonni, kullum zaman yana raguwa. Daga baya Auta ba ta iya ɗaga kai, sai Yaya ta riƙa karanto mata abin da ta rubuta, ita kuma ta ce "eh" ko "sake dubawa" idonta a rufe. Ogan ya zo dubiya sau ɗaya, ya zauna a kujerar roba, suka yi hirar wani abokin ciniki da ya dage sai an sa masa launi bakwai a shafi ɗaya. Bai yi maganar aiki ba bayan wannan.

Auta ta rasu da hantsi, Yaya tana riƙe da hannunta.

Kwamfutar ta zauna a kan durowa, an lulluɓe ta da tawul, har aka koma makaranta. Sai shugabar ƙungiya ta kira ta ce asibiti ya mayar da ranar ganin yara daga Litinin zuwa Laraba, kuma iyaye daga nesa suna ta zuwa suna komawa. Ta ƙara da cewa mambobi suna so a sanar da rasuwar a shafin, ko za a nemi wani ya yi?

"Zan yi," in ji Yaya.

Da sassafe ta zauna a ɗakin. Canza ranar bai ɗauke ta lokaci ba. Sanarwar ce ta tsayar da ita. Ta rubuta dogon bayani ta goge, ta sake wani ta goge. A ƙarshe ta bar jimla biyu: wadda ta gina wannan shafi ta rasu, muna roƙon ku sa ta a addu'a. Ta tura, sannan ta kira 'yarta ta ce ta duba daga can.

"Ya fito, Mama," yarinyar ta ce. "Amma kin rubuta Larraba, da r biyu."

Yaya ta gyara, ta sake turawa, ta jira har yarinyar ta ce yanzu daidai ne. Ta kashe kwamfutar, ta ɗauki jakarta da littattafan 'yan aji huɗu, ta fita da sauri don an kusa kaɗa ƙararrawa.