Masu Gadi Biyu a Kwamfutar Aurica

Aurica tsohuwar tela ce a garin Suceava, kuma babu abin da take yi da kwamfutarta sai hira da jikarta da ke karatu a Italiya. Ɗanta Horia ne ya sa mata manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta, ya ja mata kunne kada ta bari kowa ya taɓa. Ta san da wa yake: Calin, mijin ƙanwarsa Ilinca. Tun da Horia ya ce wa Calin a gaban baƙi naman da ya gasa ya yi kama da tafin takalmi, ba su sake zama wuri ɗaya ba. Wannan ya zo ranar Asabar, wancan ya zo Lahadi, ita kuwa tana girki sau biyu.

Wata Lahadi Calin ya leƙa kwamfutar, ya taɓe baki. Ya ce abin da Horia ya sa cuta kawai yake gani, masu leƙen asiri kuwa ta gabansa suke wucewa. Nan take ya ƙara tasa manhajar mai kama 'yan leƙen asiri, ya kunna mata gadi na kullum.

Washegari kwamfuta ta zama kunkuru. Duk abin da ɗaya ta taɓa sai ɗayar ta ce ta kama ɓarawo. Fuskar jikarta ta daskare a allo, baki buɗe. Da fari ran Aurica ya ɓaci. Sai ta sa tabarau ta karanta gargaɗin a tsanake, ta gane manhajojin junansu suke tuhuma, ta yi dariya har da tari.

Ta kira Horia da muryar tausayi. "Ɗana, abin da Calin ya sa ya ce naka ɗan leƙen asiri ne, wai in kore shi. In danna?"

Ta kira Calin ta ce na Horia ya kira nasa cuta. Kowanne ta ce masa ya zo Lahadi da rana.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis. Ba wanda ya yarda ya juya, don kada a kori tasa a bayan idonsa. Aurica ta ajiye kujeru biyu gaban kwamfuta, ta koma kicin tana naɗa sarmale, wato haɗin nama da shinkafa, a ganyen kabeji, kunnenta na wajensu.

"Suruki, ɗauke hannunka daga linzamin nan," in ji Horia.

"Ai naka ne ya cinye ƙarfin injin, kamar mai shi a gaban tebur."

Sun daɗe suna haka kafin suka yarda da abin da dukansu suka sani: manhajojin na iya zama tare, amma ɗaya ce za ta riƙe gadin kullum, ɗayar a riƙa kunna ta jefi-jefi ta yi bincike. Ta Horia ta riƙe gadin. Calin ya huce da aka roƙe shi ya yanka burodi.

Da mako ya zagayo, Aurica ta lalubo maɓallin da suka kashe, ta mayar da shi, ta sake kiran su. Haka ta yi a mako na gaba ma. A karo na uku mota ɗaya ta kawo su. Suka gyara, suka yi ƙus-ƙus, suka rufe saitin da kalmar sirri.

"Mama, wani ne ke mana ɓarna," in ji Calin, yana kallon silin.

"Ni tsohuwa me na sani?" ta ce.

Suna fita ta kira Ilinca, ta ce lallai ta bugi cikin mijinta, ta samo mata kalmar sirrin kafin Juma'a.