Kujerar Gaba

Direban ya danna murfin but ɗin motarsa da ƙarfi, ya ƙi rufuwa. Tukunyar gas da aka ɗaura wa tasin ta cinye rabin wurin, jakar matarsa kuma ta tokare.

"Malam, sa ta a ciki mana," in ji nas ɗin da ta rako shi da bargo da filas. Ta sassauta murya. "Allah ya jiƙanta. Ko mu mun yi rashi."

Ya amsa da amin. Jiya aka yi jana'iza, yau ya zo kwashe abin da ta bari a gadon asibiti. Ya jera kayan a kujerar gaba, ya ɗora mayafinta a kai.

Matar tasa ta daɗe tana fama da fuka. Kullum da safe in ya tayar da mota a ƙofar gida, hayaƙi ya turnuƙe, sai ya jiyo tarinta ta taga.

"Baban yara, wannan tsohuwar motar taka ta fi ni tari," takan ce in numfashi ya dawo mata. "Kai ta a mayar da ita mai gas, ko ɗayanmu ta huta."

"In ɗauki tukunya a bayana, ta tashi da ni?" yakan ce, su yi dariya. Haka ya yi ta ja mata rai.

Sai da aka kwantar da ita a asibiti ya kai motar gareji aka mayar da ita mai gas. Bai faɗa mata ba. So yake ranar sallama ya tsayar da matar daidai salansar motar, ya tayar da inji, ya ce shaƙi ki ji. Yana cikin layin shan gas na farko aka kira shi daga asibiti.

Ya hau titi. Injin na tafiya lafiya lau, babu ƙauri, babu baƙin hayaƙi a madubi. Ya ji ina ma motar ta yi tari ko sau ɗaya.

A bakin kasuwa wata mata ta ɗaga hannu. Ƙafarsa ta taka birki don sabo. Ta kama ƙofar gaba za ta buɗe.

"Hajiya, shiga baya," ya ce, idonsa na kan titi. "Akwai mutum a nan."

Ta leƙa, ta ga jaka da mayafi, ta dubi fuskarsa. Ta buɗe ƙofar baya ta zauna.