Miliyan Ɗaya da Ɗaya

Ɗalibai suna kiransa Malam Saura, don komai aka raba a ajinsa sai ya tambaya, "Saura nawa?" Shekara goma sha biyu yana koyar da lissafi, ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ya san da haka.

Wata Talata ya rubuta 1,000,001 a allo, ya karkaɗe alli daga hannunsa.

"Ku kalle ta da kyau. Mara ce, biyu ba ta raba ta. Uku, biyar, bakwai, duk da saura. Tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu."

Gaskiyar magana, a sha uku ya tsaya da gwaji, ya ɗauka sauran ma haka ne.

Can ana shirin tashi, wata yarinya a layin gaba, wadda ake ce wa 'Yar Tela, ta ɗaga hannu.

"Malam, kamar ɗari da ɗaya tana raba ta."

"Kamar? Zo ki karɓi allin mana, tunda kin fi ni. Mu nan lissafi muke yi, ba awon zani ba."

Aji ya fashe da dariya. Ta sauke hannu a hankali, ta rufe littafinta.

A ofishin malamai ya jawo takarda ya gwada raba ta da ɗari da ɗaya. Dubu tara da ɗari tara da ɗaya, cif, babu saura. Ya ce a ransa gobe zai gyara a gaban kowa. Goben ta zo, girman kai ya ɗaure masa harshe. Yarinyar ta koma bencin baya, hannunta bai sake tashi ba har ta gama makaranta.

Bayan ya yi ritaya, wata rana ya kai rigarsa gyara wani shago. Matar da ke kan keken ɗinki ta miƙe da sauri, ta rusuna.

"Malam! Ba ka gane ni ba?"

Ya gane ta sarai, 'Yar Tela ce. Ta goge masa kujera, ta kawo ruwa. Ya daɗe yana jujjuya kofin.

"'Yata, lambar nan ta ranar... ke ce da gaskiya. Tun ranar na sani."

"Ai ni ma na sani, Malam. Sau uku na gwada a gida." Ta yi murmushi. "Da na so in karanta lissafi. Sai na ga kamar ba wurina ba ne."

"Ki yafe mini."

"Haba Malam, ya wuce. Hannun rigar za a rage, ko wuyan?"

Ya ce hannun. Ta ce ya dawo jibi. Ya fita ya tsaya a bakin titi, motocin unguwarsu biyu suka wuce bai tsayar da ko ɗaya ba.