Gudun Me Kake?

Jiya, bayan na idar da sallar asuba, na ce bari in ɗan kishingiɗa na minti biyar, sai na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Bari in fara da abin da ya kai ni kishingiɗar. Ni tela ne, sunana Mamuda, shekarata talatin a kan keken ɗinki. Makon jiya likita ya ɗaura min abin awon jini a dantse, ya matsa, ya dubi lambar, ya sake matsawa, sannan ya ce jinina ya hau inda ba a wasa da shi. Ya ce ko in fara motsa jiki, ko wata rana a tsince ni a ƙarƙashin keke. Na dawo gida, ban ma gama ba matata Hansai labari ba ta ce ai akwai ƙungiyar masu gudun safe a filin firamare, wani tsohon soja Sajan Ayuba ke jagorantarsu, kuma ta riga ta sa an rubuta ni. Ta riga! Yaushe? Tun daga nan na fara zargin bakinsu ɗaya, ita da likitan da Sajan. Jiyan nan ce ranar da zan fara, ƙarfe shida.

A mafarkin na isa filin da wuri. An kafa tebur a tsakiya, wani bunsuru na zaune a bayansa da tabarau, ga tulin fom a gabansa. Mutane sun yi layi, amma kowa ya juya wa teburin baya, don a ƙasar mafarkin nan na ƙarshen layi ake fara gani. Da yake ni ne na ƙarshe, sai aka kira ni.

"Suna?" in ji bunsurun.

"Mamuda Tela."

"Mun sani. Gwada ka nake yi." Ya rubuta, ya ɗago kai. "Gudun me kake?"

"Ba gudun komai nake ba, ranka ya daɗe. Motsa jiki ne kawai."

Ya sauke tabarau kan hanci, ya ƙare wa tumbina kallo. "Malam, kada ka ɓata min lokaci. Muna da sassa a nan. Ga 'yan gudun hijira can da ƙullin kayansu. Ga 'yan gudun duniya, su a zaune suke yin nasu. Akwai masu gudun abin magana. Akwai 'yan gudun dawa, amma su ba ma tsayar da su cika fom. Kai a ina zan sa ka?"

"Sa ni a na lafiya."

"Gudun lafiya kake? Me ta yi maka?"

"A'a, nemanta nake yi."

"Masu nema ƙofarsu daban." Ya ɗauki fom ɗina ya cinye, har da fensirin. Da ya haɗiye sai ya ce an karɓe ni na wucin gadi. Za a busa usur sau uku. In aka busa na ukun ban faɗi abin da ya koro ni ba, to a dokar ƙasar, babban mutum da ke gudu ba dalili sunansa ɓarawo, kuma na san abin da ake yi wa ɓarawo. Na ce na sani. Ya ce, "Ta yaya ka sani?" Ya sake rubuta wani abu.

Sai ga ni a gindin darbejiya, wurin canja kaya. Hansai da likita da Sajan Ayuba suna zaune a benci guda. Ashe kuwa zargina gaskiya ne, baki ɗaya gare su. Su ukun baki guda ne kacal, wanda zai yi magana sai ya karɓa daga hannun ɗan'uwansa ya manna a fuska, in ya gama ya miƙa gaba.

Sajan ya manna ya ce, "Sa wannan." Gajeren wando ne ja. Na juya cikinsa na duba ɗinkin, wallahi ko ɗan koyo ba zai yi wannan aika-aika ba.

Na ce, "Sajan, surukina fa yana bi ta hanyar nan zuwa kasuwa."

Ya miƙa wa likita bakin. Likita ya goge shi da auduga, ya manna, ya ce, "Ɗari da tamanin bisa ɗari da goma." Wato lambar jinina. Ya miƙa wa Hansai, amma kafin ta karɓa Sajan ya fizge, don da shi zai busa usur. Ya busa na farko.

Muka fara gudu. Hanyar tef ɗin awo ce, irin na wuyana, an shimfiɗa ta daga filin har cikin gari, rawaya da baƙaƙen lambobi. Gumi a ƙasar sama yake yi, ya taru a kan mutum ya zama hadari. Masu gudun gaba kowa da ƙaton hadarinsa, har da walƙiya. Nawa bai fi faifai ba. Na yi gudu, na yi gudu, ƙirjina ya fara bugawa kamar ana daka a maƙwabta, na duba ƙasa na ga ina kan inci tara.

'Yan ƙungiyar ba su yarda da ni ba. In na matso kusa da mutum sai ya dafe aljihu. Wata mata mai hijabi da kambas ta rage gudu ta jera da ni, ta ce ita hawan siga take gudu, ta faɗa tun ranar farko, ni mene ne nawa? Na ce babu. Ta ce, "Allah Ya tona asirin mugu," ta ƙara mai. Ni ma ban yarda da su ba. Mutanen da za su bar barcin safe su fito suna zagaye gari, ba wanda ya biya su, ai akwai abin da suke ƙullawa.

Mutanen unguwa kuma duk sun fito. Ɗan'azumi mai shayi ya bar tukunya ya tare ni da ludayi a hannu.

"Tela, lafiya? Gobara ce?"

"Ba gobara ba ce."

"To ɗinkin wa ka ɓata? Sallah ma da saura, ka fara gudun masu kaya?"

"Ban ɓata na kowa ba."

Ya leƙa bayana, ya leƙa hagu da dama, ya ga ba kowa. Sai ya ja da baya a hankali ya rufe gwangwanin madararsa. Na ji kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Shekara ashirin ina shan shayi a teburinsa.

Aka busa usur na biyu a inci goma sha huɗu. Masu gudu sun ɓace, sai hadarinsu nake hangowa can wajen inci sittin. Ƙafafuna suka ce sun gama. Na tsaya na dafa gwiwa ina haki, na rantse a raina ina komawa gida zan ce wa Hansai ta je ta goge sunana da hannunta.

Sai na ji takun mutane da yawa a bayana. Na waiga. Dattawan unguwarmu ne, sun fi talatin, suna tafe da sauri, kafaɗa da kafaɗa. Na yi mamaki, don mutanen nan daga masallaci zuwa majalisa ma sai sun huta sau biyu. Na san na taɓa ganinsu suna irin wannan sauri, amma na kasa tuna ko a ina ne. Huɗu daga cikinsu suna ɗauke da wani dogon gado a kafaɗa. Malam Sambo mai goro ne a gaba.

Ya ce, "Sannu, Mamuda. Mu ne sashen kwasar 'yan baya. Hau mu rage maka hanya, ai ka gaji."

Tun da na shigo ƙasar nan ba wanda ya yi min sannu sai shi, kuma bai tambaye ni gudun me nake ba. Na ji daɗi ƙwarai. Duk zargin da nake ta yi wa mutane, a nan bai zo min ba ko kaɗan. Suka sauke gadon, na hau, na miƙe. Kai, ban taɓa kwanciya mai daɗin wannan ba. Suka ɗaga, suka ci gaba da saurinsu, wannan ya ɗauka taku goma ya ba wancan, kowa na rububin ya sa kafaɗa. Har Ɗan'azumi ya biyo mu ya karɓa, yana cewa ni mutumin kirki ne, ban taɓa ɓata ɗinkin kowa ba.

Wani ya lulluɓa min farin yadi saboda rana. Tela dai ba ya ganin yadi bai taɓa ba. Na murza bakinsa da yatsu, na ji ba kalmasa. Na laluba, falle uku ne, an ƙara taƙi guda ta kai da taƙi guda ta ƙafa, wurin ɗauri. Na yanka irinsa ya fi sau ɗari, duk sanda aka yi rasuwa a unguwa ni ake tasowa da almakashi. Na auna tsawon da ido. Awona ne, ba ragi ba ƙari. Likkafani ne, gadon kuma makara. Sai a lokacin na tuna inda na san saurin dattawan nan.

Na ce, "Malam Sambo, ku sauke ni."

"Ai ba a sauka a hanya."

"Na huta, wallahi na huta."

"Kwanta, Mamuda. Ka gaji."

Muka zo wucewa ta ƙofar gidana. Hansai na tsaye a bakin zaure, inda mata ke tsayawa, don ba sa bin makara. Bakin nan nasu su uku ya zagayo kanta, yana hannunta. Na zaci za ta ce ai ta faɗa min. Ta manna shi a karkace. Shekararmu ashirin da biyu da aure ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunya, sai dai ta ce Malam. Ta buɗe baki ta ƙwala kira, "Mamuda!"

Ban san sanda na dira ba. Na zuba a guje, yadin ya naɗe min ƙafa ɗaya ina jan sa, lambobin tef na wucewa a ƙarƙashina, ashirin, talatin, arba'in. Hadarin kaina ya yi baƙi ƙirin har ya yi tsawa. Aka busa usur na uku. Sai ga bunsuru ya jera da ni, yana sukuwa da teburinsa a ka.

"Gudun me kake?"

Na nuna baya da babban yatsa, ko waigawa ban yi ba. "Ga shi nan! Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ban shirya ba!"

"To da ka faɗa tun farko," in ji shi. Ya buga min hatimi a goshi. Dattawa kuwa ba su fasa ba, har ɗayansu ya taka bakin yadin da nake ja, na ji ya fara yagewa, kyaaat.

Na farka da wannan ƙara a kunnena. Hansai ce zaune a bakin ƙofa tana yaga tsohon zane za ta yi tsumman goge ɗaki. Rana ta riga ta hau katanga. Na tashi zaune, rigata sharkaf da gumi, na ce ƙarfe nawa? Ta ce bakwai saura, su Sajan sun wuce tun ɗazu, ta leƙo sau biyu ta ga barcin ya yi min daɗi sai ta ƙyale ni.

Ta dubi fuskata, ta ajiye zanen. "Malam, koma ka kwanta. Ai ka gaji."

Na sauko da ƙafafuna ƙasa. Na ce, "Ban gaji ba. Miƙo min takalmi."