Kalaci a Bakin Gada

Awwalu ya rage gudu tun daga nesa, ya sauke gilashi, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari inda za a gan su. A bakin gadar Abidjan da ke tsallakawa daga unguwar Plateau zuwa Treichville an gindaya teburin mai kifi, da tayoyi uku, da wani firji marar ƙofa. Mutum biyar ne a shingen. Uku na riƙe da adduna, biyu na da bindiga.

Talata ce a cikin watan Maris na 2011, ƙarfe goma na safe. Kwana tara ke nan 'yarsa Hussaina tana kulle a ɗaki a Belleville, can tsallaken gadar, da jaririn sati uku. Mijinta ya je Bouaké sayo kaya, hanya ta rufe a bayansa. Jiya ta faɗa a waya cewa garin rogon ya ƙare, nononta kuma ya fara ɗaukewa. Da asuba matarsa Rakiya ta tuƙa tuwo, shi kuwa ya cire hula, ya sa riga da wando irin na ma'aikatan ofis, ya fito daga Adjamé a tsohuwar motarsa ta ɗaukar atamfa.

Bindigogin ya fara kallo, kamar yadda Labaran ya koya masa. Labaran maƙwabcinsa ne, tsohon soja da ya yi yaƙin Laberiya, kuma tun da rikicin zaɓe ya ɓarke shi ke ba 'yan majalisar ƙofar masallaci darasi.

"Iri biyu za ku fi gani," in ji shi. "Kalash, mai katako da lanƙwasasshen gidan harsashi. Ka jefa ta a kwata ka ɗauko, za ta tashi. Shi ya sa kowane ɗan iska ke da ita. Amma tana da mutunci guda ɗaya: akwai wani ƙarfe a gefen damanta, in yana sama a kulle take, in za a sauke shi sai ya yi ƙwas, duk layi ya ji. Ɗayar baƙa ce siririya, ta Amurka, M16. Son wanka gare ta kamar amarya, sai wanda ya san aiki ke riƙe ta. Makullinta na ƙarƙashin babban yatsa, ba ya ƙara. Kuma tana samun mutum daga inda ba zai gane fuskar mai harbin ba."

Duka biyun suna nan. Mai kalash ɗin yana sanye da rigar ƙwallo da takalmin roba, idanunsa jawur. Ƙarfen yana sama. Mai baƙar na zaune a kujerar roba cikin wandon soja da gogaggen takalmi, bindigar kwance a cinyarsa. Sauran na kiransa shef, wato oga.

"Vieux père, takarda," in ji mai rigar ƙwallon da Faransanci, yadda suke kiran dattijo.

Awwalu ya miƙa katinsa. Mutumin ya karanta sunan a hankali, harafi-harafi, ya ɗaga kai.

"Daga Adjamé. Kuma ka tsallako lafiya, ba wanda ya taɓa ka. Naku ne ke nan ke riƙe da can."

"Ɗan kasuwa ne ni, ɗana. Shekara talatin a nan. 'Yata ce ta haihu."

Sai waya ta yi ƙara a aljihun rigarsa.

"Ɗauka mana. Buɗe murya, mu ma mu gaisa."

Muryar Rakiya ta cika motar. Basakkwaciya ce, kuma shekarun Abidjan ba su taɓa harshenta ba.

"Alhaji, ka isa? Kalacin fa? Ka rufe kalacin nan da kyau, kar 'yan shingen nan su gani su ƙwace. Kalaci biyu na sa maka, ɗaya nata, ɗaya na—"

Ƙwas.

Awwalu bai ga lokacin da hannun mai rigar ƙwallon ya motsa ba. Ƙarar kawai ya ji, sannan sanyin bakin bindiga a ƙasan kunnensa. A cikin duk maganar Rakiya kalma ɗaya suka gane, kuma sau uku ta faɗe ta.

"Shef! Kalash! Matar ta ce kalash, na rantse! Makamai yake kai wa!"

Aka fizgo shi waje, aka durƙusar da shi a kan kwalta. Wayar ta faɗi, Rakiya na ta kiran sunansa a ƙarƙashin mota. Ɗaya daga masu adduna ya je bayan firjin ya dawo da jarkar fetur, ɗayan ya fara mirgino taya. Awwalu ya san amfaninsu. Kowa a Adjamé ya sani.

"Kalaci," ya ce. "Ba kalash ba. Ka-la-ci." Faransancin kasuwa na shekara talatin ya gudu ya bar shi. Ya haɗa yatsunsa ya kai baki, ya sake kaiwa. "Manger. Abinci. A yarenmu."

"Ji tsoho, wai yarensu!"

Shef ya tashi ba gaggawa. Ya tsaya taku huɗu daga Awwalu, ya sa gindin bindigar a kafaɗa. Ba abin da ya yi ƙara.

"Tashi ka buɗe bayan motar. Da hannu ɗaya. In na ga ƙarfe, ba za ka juyo ba."

Makullin ya cije kamar kullum. Awwalu ya juya shi sau ɗaya, sau biyu, gumi na shiga masa ido. A na uku ƙofar ta ɗaga. Buhun da Rakiya ta shimfiɗa yana nan, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani abu dogo, tsawon hannu, wanda shi ma bai san da shi ba. Masu adduna suka ja da baya.

Mai rigar ƙwallon ya sa bakin kalash ya ɗage buhun. Dogon burodi ne guda biyu naɗe a ɗankwali. A gefensu kula biyu, da robar miya. Ya buɗe ta farko da ƙafa, tururi ya taso. Ya cusa bakin bindigar cikin tuwon shinkafar har sai da ya taɓa ƙasa, ya juya, ya zaro. Ya yi haka a ta biyun. Ya tsaya yana kallon farin tuwon da ya manne a kan ƙarfen.

Sai ya fashe da dariya.

"Kalash ɗin Hausawa! Shef, wannan ba ta kisa sai dai ta sa barci!"

Ya ɗauki burodin duka biyu da kula ɗaya, ya mayar da ƙarfen sama da gefen hannu. Ƙwas. Ya lalubo wayar ya jefa a kujera.

"Wuce, vieux père. Ka ce wa madam ta canza kalma."

Shef bai yi dariya ba, bai kuma sauke bindigar ba. Awwalu ya ta da mota. A madubi ya ga bakin baƙar yana bin sa a hankali. Gadar doguwa ce, ba mota ko ɗaya a kanta sai tasa. Bai ƙara gudu ba. Ya riƙa ƙirga turakun fitila, ƙeyarsa na ƙaiƙayi. A turke na goma ya daina gane fuskar mutumin, kuma ya san wannan bai rage komai ba. Sai da ya karya kwana wajen tashar Gare de Bassam sannan ya taka totur.

Hussaina ta buɗe ƙofa kaɗan, sannan gaba ɗaya. Ta rame. Ta karɓi kular kafin ta gama gaishe shi, ta zauna a ƙasa da jaririn a cinya, ta cire murfin.

"Papa, me ya huda shi haka?"

Ramin yana tsakiya, zagaye daidai, bakinsa da baƙin mai. Awwalu ya ɗauki cokali ya yanke gefensa a tsanake, ya fitar da wurin ya ajiye a kan murfi. Ya tura mata sauran.

"Hanya ce ba kyau," ya ce. "Ci."